Darakta Tasi'u Ya Zo Ɗaukar Kaftin

Tun daga yadda ya sauko daga motar Brimah na san za mu sha kallo. Siririn mutum ne, sanye da wata riga marar hannu mai aljihu ta ko'ina, har a gadon baya. Kyamara biyu a wuya, baƙin tabarau a ido, alhali hadari ya rufe Kumasi ruf. Ya tsaya a tsakiyar layinmu na Race Course, ya haɗa yatsunsa ya yi 'yar taga da su yana leƙen mutane ta ciki, har mai aboboya, keken nan namu na dakon kaya, ya kusa kwashe masa ƙafafu.

"Anti Fusena, ga baƙona daga Kano," in ji Brimah. "Sunansa Tasi'u."

"Darakta Tasi'u," baƙon ya gyara masa, bai ko dube ni ba. "Layin nan yana da haske mai kyau. Mutanen ne dai za a ɗan rage."

Ni ɗinki nake yi, shagona yana bakin hanya, don haka babu abin da yake wuce ni. Brimah direban babbar mota ne, yana kai goro Kano ya dawo da albasa, a can ya tsinto wannan bawan Allah. Wata ƙungiyar sa-kai ce take tura matasa ƙasashen maƙwabta su ɗauki rayuwar unguwanni a fim, ba don albashi ba. Tasi'u ya yi ta cusa kai har aka ba shi Zongon Kumasi. Kafin ya shanye ruwan da na ba shi ya sanar da ni cewa a Kano akwai jaruman da ba sa iya zubar da hawaye sai ya ɗaga musu gira. Daga baya muka ji ashe aikinsa a can riƙe wa mai ɗaukar hoton biki lema.

Abin da ya sa Brimah ya ɗauko shi kuwa, maganar aure ce. Brimah yana son Kausara, Kausara tana son Brimah, duk layin ya sani har awaki. Amma Kausara a hannun kakarta ta tashi, kakar kuwa ita ce Kaftin. Kaftin ta ce ba za ta ba direba jikarta ba, direba ba shi da gari sai hanya, kuma ba ta ga abin da Brimah ya taɓa tsinana wa unguwa ba ban da hayaƙi. Shi ne Brimah ya durƙusa ya yi mata alkawarin zai kawo ƙwararre ya yi fim ɗin tarihinta, a haska a gaban kowa. Ta ce in ta gani da idonta kuma ya yi mata, ya turo manyansa. In bai yi mata ba, ya canza layin da yake bi.

Sunanta na yanka Mamuna, amma rabon da a kira ta haka tun ban yi wayo ba. Wake da shinkafa take sayarwa a rumfar da ke kallon shagona. Ita ke raba faɗan 'yan dako, ita ke karɓar haihuwa, ita ta taɓa kama ɓarawo a kasuwar Kejetia da ludayin miya. In ta ce a tashi, har mai gyangyaɗi sai ya miƙe, shi ya sa aka sa mata Kaftin.

To ga inda matsalar take. Mu Hausarmu ta Zongo ba ruwanta da mace ko namiji in ana maganar mutum. Kowa "shi" ne, kowa "ya" ne. Matata ya zo, mamana ya tafi kasuwa, amarya ya yi kyau. Ni da na yi zaman aure a Zariya na san bambancin, amma a gida haka muke magana, kuma babu wanda ya taɓa ɓatan hanya saboda haka. Brimah yana sauri, lodi na jiransa, sai ya nuna wa baƙonsa rumfar da leɓe ya ce, "Ka je can ka tambayi Kaftin, kowa ya san shi. Ka bi shi a hankali, yana da zafi." Ya haye motarsa ya kama hanyar arewa.

Tasi'u ya taka zuwa rumfar yana ɗaga kafaɗa.

"Ina Kaftin?" ya tambayi wani mai cin abinci.

"Ga shi nan," mutumin ya nuna da cokali, baki cike.

Inda cokalin ya nuna mutum biyu ne. Hajiya Mamuna, Kaftin ɗin, tana cikin tururi, ɗankwali a karkace, tana ta faɗa da mai kawo mata gawayi. A gefe kan benci mijinta ne, Baba Issifu, da gashin baki har kan kumatu da wata tsohuwar jar hula da ya samo lokacin da ya taɓa gwada aikin gadi ya ga babu wurin kwanciya. Baba Issifu ya ajiye aiki tun ƙuruciyata. Ko buta aka ce ya miƙo sai ya dafa ƙugu ya ce, "Bayana."

Tasi'u ya buga ƙafa a ƙasa ya sara masa. "Ranka ya daɗe, Kaftin."

Baba Issifu ya waiwaya ya ga ko wani ake yi wa a bayansa. Babu kowa sai bango. Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa sara masa ba. Ya gyara zaman hula, ya yi gyaran murya, ya ce, "Zauna, yaro."

Da yamma na yafito Tasi'u zuwa shagona, don ni ba muguwa ba ce.

"Ɗan'uwa, Kaftin ɗin da kake nema, shi ne mai..."

"Anti," ya ɗaga mini hannu. "Kafin ki ci gaba. Ɗazu na ji kin ce 'yarinyana ya tafi makaranta.' Yarinyata ta tafi. Ta. Ku a nan kun kama Hausa kun karya mata ƙafa. Kada ki damu, kafin in koma zan buɗe muku aji kyauta."

"Ka bari in gama maganata mana."

"Ni fa darakta ne. Fuska kawai nake kalla in gane gwarzo. Ki riƙe zarenki, in riƙe kyamarata."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, na koma kan kekena. Kuma ba ni kaɗai ya yi wa ba. Kafin a je ko'ina ya gyara wa mai shayi Hausa, ya gyara wa ladan, ya gyara wa wata tsohuwa da ta yi jika da uwarsa. Layin gaba ɗaya ya ja baki ya yi shiru, ba tare da an kira taro ba. Ni a raina na ce Brimah zai dawo ya warware kafin abin ya yi nisa.

Ita kuwa Hajiya, da ta ga yaron yana manne da mijinta, aka ce mata ai haka ake yin fim, sai an fara tambayar na kusa da mutum. Ta yarda. Ta soma zuwa rumfa da atamfarta ta sallah tana jiran a zo kanta. Ya kuwa zo.

"Ke mai wake, ɗan matsa da tukunyar nan, kina shigar mana hoto."

Na ga ludayin ya motsa a hannunta. Ta tuna Brimah ya roƙe ta ta yi haƙuri da baƙo, ta ajiye shi a hankali.

"Yaro, ka san da wa kake magana?"

"Na sani mana, Hajiya. Ke ma za ki fito, kada ki damu. A gefe."

Sai aka shiga hira da mutanen unguwa. Ya kafa kyamara a gaban teburin Sulley mahauci, ƙaton mutum mai murya kamar ana jan durom a kan kwalta.

"Faɗa wa duniya, wane ne Kaftin a wurinka?"

Sulley ya ajiye wuƙa, idonsa ya kawo ruwa. "Lokacin da mamana ya mutu ina jinjiri, Kaftin ya ɗauke ni. Shi ya ba ni nono har na yi haƙori. A ƙirjinsa na girma."

"Allahu akbar," in ji Tasi'u. "Har shanu gare shi ke nan."

Sulley ya dube shi, ya dube ni, ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da yanka.

Daga nan sai Mma Barkisu, ƙawar Hajiya tun suna 'yan mata. Ita ba a yi mata tambaya sau biyu.

"Yara tara ya haifa, duk a gida. Na ƙarshen a bayan tukunya ya haife shi, ya wanke hannu ya ci gaba da sallamar mutane. Abu ɗaya Allah ya jarrabe shi da shi. Mijinsa. Malalaci ne na gaske, sai ci, sai barci."

Tasi'u ya girgiza kai cike da tausayi. "Matarsa kike nufi, Mma. Ba komai, zan gyara a wurin haɗawa."

"Me ya ce?" Mma Barkisu ta tambaye ni, don kunnenta ya yi nauyi.

"Ya ce kin yi kyau," na amsa mata.

Shi kuwa Baba Issifu sai ya buɗe. Mutumin da ko sallama yake amsawa da ƙyar ya koma ba ya rufe baki. Duk abin da aka ce Kaftin ya yi, sai ya ce ai ba a faɗi rabi ba. Ɓarawon Kejetia ya zama ɓarayi, ɓarayin suka samu adduna, ludayin ya ƙara tsawo. Ya ce ya taɓa daka wa damisa tsawa a hanyar Techiman ta ba shi haƙuri. Kullum da safe Darakta ne ke sayo masa shayi da ƙwai, yana cewa hidimar gwarzo ibada ce.

Da hira ta ƙare, Tasi'u ya ce fim na gaskiya ba surutu ba ne, sai an maimaita abin da ya faru a gaban kyamara. Ya sayo nono cikin ƙwarya wurin 'yan fura, ya ce Sulley ya hau cinyar Baba Issifu. Sulley ya ce ko a mafarki. Aka yi ta ciniki, aka tuna masa don fim ɗin Kaftin ne, shi kuwa don Kaftin babu abin da ba zai yi ba. A ƙarshe ya zauna a ƙasa ya buɗe baki, Baba Issifu yana ɗura masa nono da ludayi, Tasi'u yana cewa ya ɗan yi kukan jinjiri.

Sai nuna ƙarfi. Nan Baba Issifu ya ce a unguwar Dichemso za a yi, can hasken ya fi kyau. Tasi'u ya yaba da basirarsa. Mu dai mun san hasken Dichemso bai fi namu da komai ba, sai dai daga rumfar Hajiya ba a hango can. Abin da aka ɗauka a wurin ban gani ba sai ranar haskawa.

Babban aikin shi ne kama ɓarawo a Kejetia. Tasi'u ya samu Fataw mai facin taya ya ce zai fito a ɓarawo. Shirin shi ne Fataw ya fizgi jakar wata mata ya ruga, Baba Issifu ya bi shi da ludayi, Darakta ya bi su da kyamara.

"Ka gaya wa 'yan kasuwa?" na tambaye shi.

"Anti, darakta na gaske ba ya gaya wa mutane. So nake tsoron ya fito a fuskarsu na ainihi."

"Mai jakar fa?"

"Ita ma."

Na rufe shago na bi su, da sunan zan sayo zare.

Tsoro kuwa ya fito na ainihi. Fataw ya fizgi jakar wata mai sayar da busasshen kifi, matar ta kurma ihu da yaren Twi, layin ya tashi gaba ɗaya kamar an taɓa gidan rina. Fataw ɗan gari ne, ya san Kejetia, ya wurgar da jakar ya nutse cikin 'yan gwanjo. Baba Issifu ya hango taron, ya zauna a kan kwandon tumatir ya dafa ƙugu ya ce, "Bayana." Saura Darakta, wanda ya sunkuya ya ɗauki jakar don kada kayan aiki su ɓata, ya ci gaba da gudu da ita.

"Kat! Kat!" yake ta faɗa, yana ɗaga hannu.

Babu wanda ya san kat, kalmar 'yan fim ta tsayar da wasa, a Kejetia. Mai kifin ta fara sauke masa farantinta a ka, wata mai doya ta ƙara, wani ɗan dako ya riƙe shi ta igiyar kyamarorinsa yana tambayar su ma a ina ya sato su. Da ba don wani ya ruga Race Course ya faɗa ba, da a kwando za a kwaso shi. Sai ga Hajiya da ludayinta. Ta yi magana da Twi, ta juya ta yi da Dagbani, ta nuna mutum biyu da ludayin, taron ya dare. Ta miƙa wa mai kifi jakarta, ta ba ta haƙuri, ta jawo Darakta ta wuyan riga zuwa bakin titi.

Ya tsaya yana haki, kan kifi a maƙale a gashinsa. "Na gode, Hajiya. Zama da Kaftin ya amfane ki, kin ɗan kwashi wani abu."

Ta dube shi sama da ƙasa. "An buge shi a ka," ta ce. "A ba shi koko mai zafi."

Kyamarar ma ashe bai kunna ba.

Ana cikin haka kiran wayar Brimah ya shigo wa Tasi'u daga hanya. Tasi'u yana gaban shagona, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Darakta, ka samu Kaftin?"

"Kullum muna tare. Shayi ma kofi ɗaya muke sha."

"Kaftin? Shayi da kai?" Muryar Brimah ta cika da murna. "Kai, ka iya aiki."

"Wannan kaɗan ne. Jiya ma tare muka je aski, na sa aka ɗan rage masa gashin baki."

Wayar ta yi shiru. Tasi'u ya ce matsalar sabis ce, ya wuce abinsa. Bai kai kwanar layi ba tawa wayar ta yi ƙara.

"Anti Fusena," in ji Brimah a hankali, "don girman Allah, wa mutumin nan yake ɗauka?"

Na gaya masa komai. Na ji yana salati, na ji yana dukan sitiyari. Ya roƙe ni in tsayar da abin, ya ce ga shi nan tafe ko ba lodi. Tausayinsa ya kama ni sosai, don yaron kirki ne, wautar zaɓen aboki ce kawai ke damunsa. Na nemo Kausara a kantin maganin da take aiki, muka tafi ɗakin da aka sauki Darakta. Ya kulle kansa yana haɗa fim.

"Yaya Tasi'u, ka buɗe, magana ce mai muhimmanci," Kausara ta ce tana buga ƙofar.

"Masoya su jira ranar haskawa."

"Ba Kaka kake ɗauka ba. Mijinsa kake ɗauka."

"Matarsa," ya gyara mata ta ramin makulli. "Kuma ita ma na sa ta. Ku je, kuna kore mini wahayi."

Ya ƙara muryar kiɗa. Kausara ta zauna a dakalin ƙofar ta fashe da kuka. Saura hanya ɗaya, a gaya wa Hajiya. Muka dubi juna ni da ita, muka ga babu mai wannan zuciyar a cikinmu. Motar Brimah kuma ta zaɓi wannan makon ta kwanta a Kintampo.

Ranar Asabar bayan la'asar aka taru a zauren makarantar Islamiyya. An rufe tagogi da zannuwa don a samu duhu. Zongo ya cika wurin har bakin ƙofa, 'yan dako, mahauta, liman da ladan, ga wakiliyar ƙungiyar ta zo daga Accra da tabarau a hanci. Baba Issifu ya so ya zauna a gida saboda bayansa, Hajiya ta ce ko a zani sai an naɗo shi. Ta shigo cikin leshi da gwal, ta wuce kai tsaye ta zauna a babbar kujerar da aka ajiye a gaba.

Tasi'u ya sunkuya kusa da kunnenta. "Hajiya, kujerar Kaftin ce fa."

"Na sani."

Ya dubi Baba Issifu, Baba Issifu yana duban silin. Tasi'u ya miƙe yana murmushi ya ce wa wakiliyar, "Kin ga tawali'un manya. Har kujera yake bar wa iyali."

Ya yi jawabi. Ya ce fim ɗin nan zai je ƙasashen da mu ba mu iya faɗin sunansu ba. Aka kashe fitila, aka haska bango.

Kalangu ya fara, sai muryar Tasi'u mai kauri da ya aro don ranar: "A kowane zamani Allah yakan yi wa gari baiwar namiji guda."

Fuskar Baba Issifu ta cika bangon, hula a karkace, gashin baki an rage. Na leƙi Hajiya, ko ƙiftawa ba ta yi.

Sai muryar Sulley: "Shi ya ba ni nono har na yi haƙori. A ƙirjinsa na girma." A daidai nan Darakta ya matso da hoton kan ƙirjin Baba Issifu, singileti ya zame, haƙarƙari a jere da 'yan furfura uku. Sannan ga Sulley a zaune a ƙasa baki buɗe yana kukan jinjiri.

Daga can baya aka fara. Wani ya yi ƙoƙarin riƙewa ya kasa, ta fito masa ta hanci. Sai zauren ya kece gaba ɗaya. Ladan ya zame daga benci. Liman ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa suna rawa. Mma Barkisu tana ta tambayar me ya faru, ana gaya mata, ita ma ta kama. Tasi'u ya raɗa wa wakiliyar cewa haka mutanen Zongo suke nuna girmamawa.

Aka zo Dichemso. Ga Baba Issifu a gaban wani kanti, ya tofa yawu a tafin hannu, ya cicciɓi buhun shinkafa ya saɓa a kafaɗa, ya zagaya da shi, har da ɗan tsalle a ƙarshe.

Hajiya ta juyo da kai a hankali. "Malam," ta ce, "ashe bayan ya warke."

"Aikin kwamfuta ne," in ji Baba Issifu, muryarsa ta siranta.

"Ko kaɗan," Tasi'u ya tsoma baki da alfahari. "Ni ba na ha'inci a fim. Har sau uku ya ɗaga."

Da a nan ya tsaya, da wataƙila an wuce da dariya. Amma kiɗan ya sauya ya koma na baƙin ciki, muryar Darakta ta yi ƙasa: "Sai dai kowane gwarzo da jarrabawarsa. Ta Kaftin a cikin gida take." Sai ga Hajiya a bango. Ya kama ta wata azahar bayan cinikin rana ya lafa, ta jingina da turken rumfa barci ya sace ta, baki a buɗe, ƙuda yana shawagi. "Ga matarsa. Mutanen unguwa sun shaida malalaciya ce ta gaske. Sai ci, sai barci."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Matar da ke tashi tun kafin kiran assalatu ta hura wuta, tun kafin a haifi rabin waɗanda ke zauren. Ni kaina sai na ji kunya ta rufe ni, na ji haushin shirun da muka yi. A daidai lokacin Brimah ya faɗo zauren, riga duk baƙin mai, ya ga abin da ke bango, ya tsaya cak.

Hajiya ta miƙe, inuwarta ta rufe hoton. "Kashe."

Aka kashe, aka kunna fitila.

"Yaro, wa ka ce Kaftin?"

Tasi'u ya juya zai nuna. Benci babu kowa. Zanin da aka rufe tagar gefe da shi yana lilo, muka hango ƙafar Baba Issifu ta ƙarshe tana ficewa.

Hajiya ta dafa ƙirjinta. "Ni ne Kaftin."

Zufa ta karyo wa Darakta. Ya dubi Sulley, ya dubi ƙirjin da ta dafa, muka ga maganar nonon tana isa ƙwaƙwalwarsa a hankali. Bakinsa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Duk muka zuba ido muna jiran ya faɗi ƙasa ya nemi gafara.

"Ni ce," ya ce da 'yar ƙaramar murya. "'Ni ce' ake cewa, Hajiya."

Sulley ya yunƙura. Ya tashi, ya ɗauke shi cak da kyamarorinsa, ya fita da shi waje. Wakiliyar ƙungiya ta cire tabarau ta bi bayansu, fuskarta ba alamar rahama.

Brimah ya taho ya zube a gaban Hajiya, hawaye na bin baƙin man da ke fuskarsa.

"Mma, na ci amana. Zan canza layi, ba za ki ƙara ganin motata ba."

Hajiya ta dube shi.

"Wannan yaron, kai ka zaɓo shi da kanka?"

"Ni ne, Mma."

"A duk mutanen Kano?"

"E, Mma."

"Ba a yi maka dole ba? Ba a haɗa maka shi da albasa ba?"

"A'a, Mma."

Ta juya wajen Kausara, wadda ta rakuɓe a bayana tana sheshsheƙa.

"Ke, har yanzu kina sonsa?"

"Ina sonsa, Kaka."

Hajiya ta ja dogon numfashi, ta gyara mayafinta.

"Ka turo manyanka ranar Juma'a," ta ce. "Mutumin da zai shiga gari guda ya zaɓo wannan, zunubi ne a bar shi yana yawo shi kaɗai. Gara a sa masa mai hankali a gida." Ta taka zuwa ƙofa, mutane suna darewa, sannan ta tsaya ta waiwayo. "Kuma mai hoton biki, ni zan zaɓa."